Tun Ranar da Ta Faɗi, Ni Ma Na Zauna

Zuwa ga Ustaza Suhair, mai filin shawarwari.

Assalamu alaikum. Ki taimake ni, 'yata, don na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai kalle ni da idon tausayi ko na zargi ba. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina raba wa mutane wasiƙu a Mansura, ban taɓa zama na rubuta wa jarida ko layi ɗaya ba sai yau. Idan kin ga rubutun yana karkacewa, laifin hannu ne. Hankalina yana nan daram, shi ne ma yake wahalar da ni.

Shekarata saba'in da tara. Matata, bari in kira ta Atiyyat ko da yake ba sunanta ke nan ba, tana da saba'in da huɗu. Shekararmu hamsin da uku da aure. Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yi kukan abin a lokacin da ake kukansa, muka share hawaye muka ci gaba da zamanmu. Tela ce, kuma ba ƙaramar tela ba. Rabin amaren unguwarmu da rigar da ta ɗinka aka kai su ɗakin miji.

A hawa na biyar muke zaune a da, benen kuma ba shi da lif. Da gwiwoyinta suka fara ciwo sai ta daina sauka, ta koma zura kwando da igiya ta taga mai kayan miya ya zuba mata. Da ni ma na fara tsayawa hutu sau biyu kafin in kai ƙofarmu, ɗan ƙanena ya nemo mana wuri a wani gidan kula da tsofaffi. Shekara uku ke nan. Ba zan ɓata musu suna ba, suna ƙoƙari. Gidan kashi biyu ne. A ƙasa akwai ɗakunan waɗanda ke iya yi wa kansu hidima, kuma ana barin miji da mata su zauna ɗaki ɗaya. A sama kuwa ake ajiye waɗanda sai an ɗaga an kwantar, maza ɓangarensu daban, mata nasu daban. Mu na ƙasa muna da wani barkwanci marar daɗi, mukan ce wanda aka hau da shi sama, hawa ɗaya ya rage masa.

Gaskiya mun ji daɗin shekaru biyun farko. Atiyyat ta farfaɗo kamar an rage mata shekara goma. Ta dasa na'a-na'a a tukwane a bakin lambu, kullum tana zagayawa da butarta tana ba su ruwa. Duk wanda maɓallin rigarsa ya cire a gidan nan, wurinta yake zuwa. Har kicin take shiga ta yi wa mai dafa abinci faɗa wai ta cika wa miyar lalo ruwa. Ni kuma na yi aboki, Am Girgis, tsohon mai duba tikiti a jirgin ƙasa, bakinsa ba ya hutawa. Kullum bayan gari ya waye mukan fita ƙofa, mu bi bakin kogi har gada, mu sayo ta'amiyya, wato ƙosan wake, mai zafi a cikin gurasa, ƙarfe takwas mun dawo. Yakan ce da ni na yi aikin jirgi da gwamnati ba ta sayi gawayi ba, don na fi jirgin sauri.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Wata bakwai da suka wuce, ranar wata Talata, muna dawowa sai Girgis ya ce mu tsaya a shagon shayi ya ci ni wasan domino. Na ce wasa ɗaya. Ya ci ni. Na ce sai na rama. Muka yi na biyu, muka yi na uku, aka kawo shayi, hira ta yi daɗi. Ban shigo gida ba sai goma da rabi. Na buɗe ƙofa na ga gado babu kowa. A banɗaki na same ta, kwance a kan tayil, rigarta sharkaf da ruwa, jikinta sanyi ƙalau yana ta rawa. Santsi ne ya kwashe ta jim kaɗan bayan fitata. Igiyar ƙararrawar kiran ma'aikata tana can sama, hannunta bai kai ba. Ta yi ta kira har muryarta ta dushe, masu aiki kuma da suka ga ƙofa a rufe sun ɗauka barci take yi. Da ta gan ni ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka dawo?" Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. A asibiti na ce mata layin gurasa ne ya yi tsawo. Har yau a kan wannan ƙaryar muke.

Ƙashin ƙugu ne ya karye. Aka yi aiki, aka sa ƙarfe, likita ya ce an dace. Da muka dawo ta fara ƙoƙari da wannan ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, taku uku, taku biyar, har ta kai bakin ƙofa. Sai wata rana ƙafar ta yi rawa ta tafi za ta kifa, nas ta tare ta. Ba ta kai ƙasa ba, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Amma tun daga ranar ta ce ita da tsayuwa har abada. Idan aka matso da ƙarfen kusa da gado sai ta ƙanƙame zanen gado, fuskarta ta yi fari fat.

Ni kuwa na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara barin ta ita kaɗai ba, ko na minti biyar. Na jawo kujera na ajiye a gefen gadonta, a nan nake wuni. Ni ke miƙa mata ruwa. Ni ke ba ta abinci a baki, alhali hannayenta lafiyarsu lau. Na koyi taje mata kai. Ni da wata mai aiki muke ɗaga ta mu ɗora a keken guragu idan za ta kewaya. Girgis ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da sandarsa yana cewa, "Kai ɗan wasiƙa, ƙafafun ma ka yi musu ritaya ne? Fito, mai ta'amiyya yana tambaya ko ka mutu." Nakan ce masa ya tafi da surutunsa. Wata rana na ce masa shi ne sanadin komai. Ya tsaya ya dube ni, ya juya. Tun daga nan idan muka haɗu a baranda gaisuwa ce kawai. Shi kaɗai yake fita yanzu, ina hango shi ta taga.

Akwai likitar gashin ƙashi da ke zuwa gidan sau biyu a mako, Doktora Nirmin, yarinya ce amma ba ta da wasa. Watan jiya ta shigo ta tarar ina miƙa wa Atiyyat kofin shayi. Sai ta karɓe kofin daga hannuna ta ajiye a kan tebur, kamar taku uku daga gado, ta ce, "Hajiya, ga shayinki can, zan riƙe ki mu je mu ɗauko." Atiyyat ta dubi kofin, ta dube ni, sai hawaye. Raina ya ɓaci, na ɗauko kofin na ba ta. Doktora ta ce in biyo ta waje. A baranda ta ce mini, "Alhaji, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ƙashin nan ya warke tun tuni. Abu biyu ne suka hana ta tashi, tsoro da kuma kai kanka." Na ce mata ba ta da kunya, matar da take magana a kanta ta isa ta haifi uwarta, kada ta ƙara taka mana ɗaki. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To, ba zan shiga ba sai ka kira ni. Amma ka dubi cinyoyinka, Alhaji. Wandon nan ba haka yake zama a jikinka ba lokacin da na fara zuwa."

Na ƙi maganarta, amma jikina ya gaskata ta. Juma'ar da ta wuce, a ɗan masallacin da ke cikin gidan, na yi sujada na kasa tasowa. Na dafa ƙasa na yunƙura, gwiwoyin suka ce ba su san zancen ba. Sai da aka sallame mutum biyu suka kama ni ta hammata suka miƙar. Ni da na hau benayen Mansura da jakar wasiƙu a kafaɗa, wani lokaci hawa shida don takarda ɗaya! Na koma ɗaki na ce wa Atiyyat huɗuba ce ta yi tsawo. Kin ga ƙarya ta zama biyu.

Shekaranjiya shugaban gidan, Ustaz Rif'at, ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, sai da ya sa aka kawo mini shayi, ya tambayi lafiyata, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce labarin masallaci ya iso masa. Ya ce a ƙasa ba su da isassun ma'aikatan da za su riƙa ɗaga mutum sau biyar sau shida a rana, sun yi shiru ne saboda ina taimakawa, yanzu kuma suna tsoron wata rana mu zube mu biyu. Ƙarshen wata za a sake duba ta. Idan ba ta iya tashi daga gado zuwa banɗaki da ƙarfenta ba, za a mai da ita sama, ɓangaren mata. Ni kuma a haɗa ni ɗaki da wani. Ziyara awa ɗaya ce, bayan la'asar. 'Yata, in ban da watannin da na yi a soja, ni da matar nan ba mu taɓa raba ɗaki ba.

Na dawo na zauna kusa da ita na gaya mata a hankali. Na ce, "Hajiya, ki daure ki gwada, ko taku ɗaya ne, don Allah." Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ba kai ka kwanta a kan tayil ɗin nan ba. Ba ka san yadda sanyinsa yake ba. Idan kana sona, ka ƙyale ni." Na ce to idan suka raba mu fa? Ta ce, "Su hau da ni. Kai ma ka huta, ka ga yadda ka koma kuwa?" Ta juya fuskarta bango. Jiya kuma ta ce in ɗauki gwangwanin zarenta da almakashinta in kai wa mai dafa abinci, wai tana da 'ya mai son ɗinki. Almakashin nan ko ni ba ta bari in taɓa. Abinci ma cokali uku take ci ta ce ta ƙoshi. Tukwanen na'a-na'a duk sun bushe, ba ta ko tambaya.

Akwai wani abu kuma da nake jin kunyar rubutawa, amma tunda ba ki san ni ba bari in faɗa. Ina kewar tafiya. Da safe idan na ji ƙarar sandar Girgis ya wuce, ƙafafuna har ƙaiƙayi suke yi. Sau ɗaya na dube ta tana kwance na ji haushinta ya taso mini, na ce a raina wannan matar ta ɗaure ni. Nan take na yi istigfari. Wane irin miji ne zai bar matarsa a ƙasa awa uku saboda wasa, sannan ya zo yana jin haushinta?

Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni. Ni ne na nakasa ta, sau ɗaya da sakaci, sau ɗaya da hidima? In matsa mata ta tashi alhali tana kuka, ko in bar ta yadda ta roƙa a raba mu? In gaya mata maganar domino, ko in tafi da ita kabari? Kwana goma sha tara suka rage.

Naki,
Tsohon mai raba wasiƙu, Mansura.

*

Wa alaikumus salam, Baffa.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Ka ce kada in lallashe ka, to ba zan yi ba, amma kuma ba zan taya ka yi wa kanka hukuncin da ya wuce laifinka ba.

Domino bai kayar da Hajiya ba. Ruwa ne da tayil suka kayar da ita, kuma kai da kanka ka ce jim kaɗan bayan fitarka abin ya faru. Ko da ka dawo ƙarfe takwas daidai, da karayar ka tarar. Abin da jinkirinka ya ƙara shi ne tsawon lokacin da ta yi a ƙasa. Wannan gaskiya ne, yana da ciwo, ba zan share maka shi ba. Amma ba a kanka kai kaɗai yake ba. Gidan da ke kula da tsofaffi bai kamata a yi awa uku ba wanda ya leƙa ɗaki ba, kuma ƙararrawar da wanda ya faɗi ba zai iya kai mata hannu ba, ba ta da amfani. Ka yi kuskure irin na mutane, ka tsaya hira da aboki. Wata bakwai kana biyan sa da ƙafafunka. Ya isa haka.

Ka gaya mata. Ina kyautata zaton ta sani, don matar da ta zauna da kai shekara hamsin da uku ta san layin gurasa ba ya cin awa biyu da rabi. Ka faɗa sau ɗaya, a taƙaice, ka nemi gafararta, kada ka mai da abin zaman makoki har ta koma ita ce ke rarrashinka. Idan ta yi fushi ka bar ta ta yi, haƙƙinta ne. Fushi ma alama ce ta rai, ya fi wannan juya fuska bango. Kuma ka haɗa da maganar Juma'a. Wannan ta fi ta domino muhimmanci. Wata bakwai ka mai da Hajiya mai karɓa kawai. Matar da gida guda ke kawo wa ɗinki, yau ko cokali ba a bari ta riƙe. Ta ce a hau da ita don ka huta, wato a ganinta ta zama kaya. Ka bari ta san kai ma kana zamewa, kuma kana bukatarta.

Doktora Nirmin ta yi kaushin baki, kuma dabarar ajiye kofi nesa ba tare da an shirya da Hajiya ba, ban so ta ba. Amma abin da ta faɗa gaskiya ne. Kafin in ba ka amsa na tuntuɓi wani likitan gashin ƙashi da ya daɗe yana aiki da tsofaffi. Ya ce jikin tsoho yana saurin zubar da ƙarfinsa idan aka zauna, 'yan makonni sun isa a ga bambanci, kuma duk abin da aka ɗauke wa mutum yi, a hankali jikinsa yakan manta yadda ake yin sa. Amma ya ce tsoka tana amsa kira ko a shekara casa'in, idan aka bi ta sannu a hankali kuma kullum. Saboda haka ka je ka same ta ka ba ta haƙuri. Ta bar maka ƙofa a buɗe da ta ce sai ka kira ta. Ka kira ta gobe.

Sai dai ita ma Hajiya tana da gaskiyarta, kada kowa ya kira abin da take yi taurin kai. Wanda ya kwanta a ƙasa yana kira ba a amsa ba, tsoron yakan zauna masa a jiki, ba a cire shi da faɗa ko da roƙo. Kuma akwai abin da ya fi damuna a wasiƙarka fiye da ƙafafun. Ƙin cin abinci, juya fuska bango, rabar da almakashin da take ji da shi, waɗannan alamu ne na ciwon damuwa, kuma ciwo ne da ake magani. Ka nemi likita ya duba ta cikin makon nan, ka gaya masa duka yadda ka gaya mini. A duba ko akwai zafin da take ɓoyewa a ƙugun, ko jiri yana ɗibar ta idan ta miƙe, ko cikin magungunanta akwai mai sa kasala. Almakashin kuma kada ka kai wa kowa tukuna. Ka ce mata ka ajiye.

Kada a fara da tafiya. A fara da zama a bakin gado, ƙafa biyu a ƙasa. Idan ta saba, a koma miƙewa daga kujera mai hannu a sake zama, Doktora tana riƙe da ita, ita Hajiyar ce kuma za ta ce an isa. A gaya mata kowane mataki kafin a yi shi. Kai kuma kada ka kuskura ka gwada tsayar da ita kai kaɗai. Aikinka shi ne ka daina yi mata abin da hannunta zai iya. Ka gaya mata tun da wuri cewa daga yau cokali da mataji nata ne, kana nan zaune kusa, ba gudu za ka yi ba. Za ta ji haushi, kai ma zuciyarka za ta yi maka nauyi. Ka daure.

Sannan ka je ka ƙwanƙwasa ƙofar Am Girgis. Ka faɗa masa maganar da ba ta dace ba, ka san haka. Ka roƙi ɗaya daga cikin matan gidan ta zauna da Hajiya rabin awa, ai duk ta yi musu ɗinki, ba za su ƙi ba, ita ma tana bukatar ganin wata fuskar ban da taka. Ranar farko iyakarka ƙofar gida. Bayan kwana biyu kwanar titi. Gada tana nan, ba inda za ta. Ka bari Doktora ta duba ka kai ma ta ba ka naka atisayen, kafin nan ka riƙa salla a kan kujera. Kewar tafiya ba cin amana ba ce, Baffa. Haushin da ka ji sau ɗaya ma ba mugunta ba ce, gajiya ce ta mutumin da ya kulle kansa a ɗaki wata bakwai.

Game da Ustaz Rif'at, tsoronsa yana kan hanya, idan kuka faɗi ku biyu shi za a tambaya. Amma kwana goma sha tara sun yi kaɗan ga wadda ta yi watanni a kwance. Ka koma wurinsa tare da ɗan ƙanenka da Doktora, ku nemi wata uku, da tsari a rubuce na abin da za a yi kowane mako. Ku nemi a kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, a shimfiɗa tabarmar roba, a sauko da igiyar ƙararrawa har kusa da ƙasa, a kuma sa wanda zai riƙa leƙa ɗakuna da safe. Ka faɗi wannan ba da faɗa ba, amma ka faɗa, don kana da bakin magana. Abin da ake nema daga Hajiya ba yawa gare shi ba, daga gado zuwa banɗaki ne da ƙarfenta. Ta taɓa kaiwa bakin ƙofa bayan aikin, ka tuna masa.

Abu na ƙarshe shi ne mafi wuya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mai yiwuwa a yi duk wannan Hajiya ba ta tashi ba. Jikinta ne, tsoronta ne, ba wanda zai taka ƙasa a madadinta. Idan haka ta faru aka hau da ita sama, ba ka kasa ba, kuma auren bai ƙare ba. Amma ka yi tunani: ranar nan, wa zai je wurinta bayan la'asar? Idan kai ma ka zauna har ƙafafunka suka mutu, ɓangaren maza za a kai ka, tana can kana nan, sai dai a riƙa kai muku gaisuwar juna. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, Hajiya tana bukatar miji mai iya zuwa inda take da ƙafarsa. Wannan kam yana hannunka tun daga gobe da safe.

Allah ya ba Hajiya lafiya, ya cire mata tsoro, ya ƙarfafa maka gwiwa, ya bar ku tare iya kwanakin da ya rubuta muku. Ka gaishe mini da ita.

Suhair